Ƙwayoyi Uku da Achyut Ya Kawo Mini

Talata, 4 ga Maris, da hantsi

Yau da safe Achyut ya tare ni a bakin ƙofa ina saka takalmi, ya danƙa mini wani ɗan akwatin roba. Ƙwayoyin lantarki uku ne a ciki, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa girma ba.

"Vasu, auna mini zafin waɗannan. Tsakanina da ke. Madam ɗinku ba sai ta sani ba."

"Na Peenya ne?"

"'Yan uwansu ne. Zubi ɗaya."

Sai ga Atte, uwar mijina, ta fito daga kicin da kofi, tana mitar ɗanta ya rame, ni kuma matarsa ban san komai ba sai fita. Na cusa akwatin cikin jaka. Tun da muka yi aure bai taɓa roƙona wani abu da irin wannan murya ba.

Ranar Asabar rumfar da ake cajin adaidaita masu lantarki a unguwar Peenya ta kama da wuta. Cajojin na kamfanin su Achyut ne, ƙwayar da ke cikinsu kuwa shi ya zana ta, a kan teburin cin abincinmu. Maigadin rumfar yana asibiti. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Talata, da yamma

Ban taɓa su ba.

Laraba, 5 ga Maris, da rana tsaka

Debjani, 'yar Kolkata da muke ɗakin gwaji ɗaya, ta tafi cin abinci. Madam Kurian, shugabarmu, tana taro. Na turo ƙofa na ɗora ƙwaya ta farko a kan na'ura.

Atte takan gaya wa maƙwabta cewa surukarta likita ce, amma likitar abin da ido ba ya gani. Ba ta yi ƙarya ba. A cikin ƙwayar akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗe wa wuta hanya tana rufewa, sau dubbai kafin ƙiftawar ido. A gefen ƙofar nan zafi yake taruwa, a wurin da sai an tsaga gashin kai gida dubu a sami faɗinsa. Ma'aunin da ake mannawa a bayan caja ba ya jin sa. Kamar mutum ne ya dafa bangon gida ya ce ya san zafin murhu. Allurar na'urata takan je har wurin. Tana tafiya a hankali, layi bayan layi, tana shafar fuskar ƙwayar, allo yana zana abin da ta ji: shuɗi, rawaya, ja.

Lissafin Achyut ya ce ko an ƙure ƙwayar ba za ta wuce digiri ɗari da hamsin ba.

Wani tabo ya fito a gefen ƙofar. Ya wuce ja, ya koma fari. Ɗari biyu da goma sha wani abu.

Wataƙila allurar ce. Ta tsufa, bakinta ya cinye.

Alhamis, 6 ga Maris, da hantsi

Na sa sabuwar allura. Na gwada ta a kan waya wadda na san zafinta kamar yunwar cikina, ta faɗi daidai. Na koma kan ƙwayar. Tabon yana nan inda na bar shi.

Wataƙila teburin ne. Masu aikin hanyar jirgin ƙasa suna ta buga ƙarfe a bakin titi, allura kuwa ko tari aka yi kusa da ita sai ta ji.

Alhamis, da almuru

Bai tambaye ni da baki ba. Yana cin shinkafa da romon rasam yana kallon hannuna. Na ce na'ura ce take ba ni wahala. Ya ce, "To." Atte ta ce duk laifin fankar ɗakinmu ce, ita ke hana mu barci, gobe a kira mai gyara.

Juma'a, 7 ga Maris, da yamma

Ta biyu ma haka. Ta uku ta fi su.

Na fito da wuri, kaina yana sarawa. Adaidaitar da na tara a bakin ƙofar makaranta mai lantarki ce, shiru kamar kyanwa. Direban wani dattijo ne mai jan gemu, sunansa Nayaz Pasha, an rubuta a bayan kujerarsa. Ba ni na tayar da zancen ba. Na rantse ba ni ba ce. Shi ya fara yabon motarsa.

"Madam, tun da na rabu da mai na huta. Ba hayaƙi, ba layi. Matata ta ce har warin jikina ya canza, saura hali."

"A ina kake caji, Bhai, ɗan'uwa?"

"Da can a rumfa. Yanzu wa zai je rumfa? Ba ki ji na Peenya ba? Na sayi cajata ta kaina. In na koma gida sai in jawo wayar ta taga, cajar tana ɗaki, kusa da katifar jikokina, don ɓarayin unguwarmu ko takalmin masallaci ba su bari ba."

Na tambaye shi wace iri ce. Ya faɗi sunan. Na riga na sani kafin ya faɗa.

"Tana ɗan ɗaukar zafi, amma wane ne ba ya ɗauka a watan nan? Sai in jiƙa tsumma in ɗora mata. Ni da ita duk magani ɗaya muke sha."

Ya yi dariya. Ni ma na yi. Na sauka tun ban kai gida ba, na ƙarasa da ƙafa.

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Motar ruwa ba ta zo ba. Mun yi wanka da rabin bokiti. Na wanke tukwanen da Atte ta riga ta wanke.

Lahadi, 9 ga Maris, da yamma

Saldanha ya zo cin abincin rana. Shi ne abokin haɗin gwiwar Achyut a kamfanin, shi ke magana da masu zuba jari da 'yan jarida. Ya zo da kwalin alewa, ya taɓa ƙafafun Atte, ya ci wainar dosa har ta gaji da kirgawa ta koma murna.

"Madam Dakta! Har yanzu ana ta ɗinki da allurar da ba ta da zare?"

"Har yanzu."

Ya ce abin Peenya a bayyane yake: direbobi sun yi ta jona wayoyi barkatai, maigadin kuma yana dafa shayi a risho a cikin rumfa. Ya ce kowa ya san halinsu. Yana faɗa yana lasar yatsa.

Daga baya suka fita baranda suka ja ƙofa. Ina kwashe kwanuka na ji Saldanha yana cewa, "Zancen mannen nan kada ya fito daga bakinka. An canza, an canza, ya wuce." Mannen da ke ƙarƙashin ƙwayar yake nufi, wanda ke janye zafi ya kai shi waje. Ban san an canza shi ba. Ban ji abin da Achyut ya ce ba, don Atte ta kunna injin niƙa.

Wa ya yarda a canza? Ban tambaya ba.

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

Akwai wata hanyar awo da ba ruwanta da allura. Ana haska ƙwayar da siririn koren haske, hasken da ya dawo shi ke faɗin zafin. Na'urar tana hannun Debjani. Na ce mata wasu tsofaffin samfura ne nake son in gwada allurata da su.

"Vasu-di, ke da ba kya ba kowa aron ko biro, yau kin zo roƙo? Sai kin saya mini kifi. Kifi na gaske, ba wannan miyar kabewa ta ɗakin cin abincinmu da ke sa mutum tunanin lahira ba."

Tana ta zuba har ta sa ido a madubin na'urar. A kusurwar kowace ƙwaya akwai tambarin kamfanin, ɗan ƙaramin dokin ruwa. Na manta da shi sam.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Vasu-di, ki je ki sha shayi. In na gama zan kira ki."

Litinin, da la'asar

Haskenta da allurata bakinsu ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a yi magana a kanta ba.

Ta ce, "Ban ga komai ba, in haka kike so. Amma ni ba na iya riƙe magana ya wuce kwana biyu, kin san ni. Uwata ma ta ce da ni tulu ce da an daɗe da yar da ni."

Ba allurar ba ce. Ba teburin ba ne.

Talata, 11 ga Maris, da sassafe

Na same shi a saman bene yana leƙa tankin ruwa. Na faɗa masa lambar.

"Sake aunawa."

"Na sake. Na canza allura. Debjani ta auna da haske."

"Debjani? Na ce miki tsakanina da ke!"

"Achyut, ɗari biyu da ashirin. A ɗaki mai sanyi. Ka yi tunanin rumfar kwano da rana tsaka."

"Allurarku tana ƙara gishiri, duk duniya ta sani. Ƙwaya tsirara kika auna, ba a cikin gidanta ba. A cikin caja akwai fanka, akwai ƙarfen da ke shan zafi."

"To kawo mini caja sukutum in auna."

Ya rufe tankin, ya daɗe yana murɗa murfin da ya riga ya rufu.

Na ce akwai wani direba da ke kwana da ita kusa da jikokinsa.

Ya ce, "Kin san mutum nawa ke ci daga kamfanin nan? Ki ba ni lokaci, Vasu. Lokaci kawai na roƙe ki."

Daga ƙasa Atte ta kwaɗa mana kira, wainar idli tana hucewa.

Laraba, 12 ga Maris, da almuru

Lokaci.

Alhamis, 13 ga Maris, da rana tsaka

Madam Kurian ta kira ni ofis. A kan teburinta akwai kwali mai jan hatimi. Hukumar da ke binciken Peenya ce ta aiko da ƙwayoyi, wasu ƙonannu, wasu sababbi, a auna.

"Zauna, Vasudha. Kin san ba zan bar ki ki taɓa waɗannan ba."

"Na sani, Madam."

"Ba don ina zarginki ba. Don in kare ki ne. Debjani za ta yi da haske, allurar kuma za a turo wani daga Chennai. Kafin ya zo, a daidaita na'ura, a rubuta rahoto, kwamiti ya zauna, sai bayan bikin sabuwar shekara na Ugadi da makonni. Yaya maigidan naki? Yana cin abinci?"

"Yana ci."

"Ke fa?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ita ta koya mini riƙe allura ina yarinya sabuwar zuwa daga garinmu Sirsi. Na ce ina da gwaji a kan wuta, na fito.

Bayan Ugadi da makonni. Kullum rana tana ƙara zafi.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Na tsaya a tashar adaidaita ina barin su suna wucewa, har direbobi suka fara yi mini ba'a. Wani ya ce, "Madam jirgin sama take jira." Can sai ga jan gemu.

Ban shiga ba. Na ce, "Bhai, cajar nan taka. Ka daina kwana da ita a ɗaki."

"Au, Madam mai tambaya! Me ta yi?"

"Ka fitar da ita waje. In da hali ma ka daina amfani da ita."

"In daina? In ci me? Motar nan ba da addu'a take tafiya ba." Sai ya daina murmushi. "Madam, ke a cikin makarantar nan kike aiki. Kin san wani abu ne?"

Na kau da kai.

"Ka dai fitar da ita."

"Wallahi in kin san wani abu ki faɗa. Ba ni kaɗai ba ne. A layinmu kawai mu da yawa ne, har da ɗan ƙanwata da matarsa ke da tsohon ciki."

Na ce ban san komai ba, tsoro ne kawai irin na mata. Da bakina na faɗi haka. Ya ce zai kai ta soro, ya kwana kusa da ita da kansa saboda ɓarayi.

Ya kwana kusa da ita da kansa.

Asabar, 15 ga Maris, da safe

Duk ƙarar jiniya sai na tsaya in saurari inda ta nufa.

Lahadi, 16 ga Maris, da hantsi

Achyut ya tafi ofis. Ranar Lahadi. Na goge rigunansa, har waɗanda ba ya sawa. Atte ta kunna fitila a gaban gumaka ta daɗe a zaune. Da ta tashi ta ce in je in gaya wa ɗanta cewa ita ba ta haifi ɗa don ya riƙa kwana a kujera ba. Na ce to.

Na buɗe labarai. Na rufe. Na buɗe.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

Sunansa Munisamy, maigadin. Yau jarida ta rubuta sunan, da wata kalma a gabansa wadda jiya babu ita.

Litinin, da rana tsaka

Debjani ta ajiye mini ayaba a kan tebur ba ta ce komai ba. Debjani, shiru. Kwana biyun da ta ce sun daɗe da wucewa.

Litinin, da almuru

Na kira shi. Na ce, "Gobe zan gaya wa Madam. Na fi so ka riga ni."

Na ji numfashinsa, na ji muryar Saldanha a bayansa tana magana da wani.

Ya ce, "Ni na kawo miki su da hannuna."

"Na sani."

"Don na yarda da ke."

"Don me ka kawo su in ba ka son jin amsar?"

Ya kashe wayar. Bai dawo gida ba.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Na faɗa.

Na ajiye mata ɗan akwatin da hotunan awon. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta dubi kwanan watan da ke jikinsu. Ban taɓa ganin Madam Kurian ta miƙe tsaye don faɗa ba sai yau.

"Tun biyar ga wata? Tun biyar ga wata kike zaune a kan wannan? A ɗakin gwajina, da na'urata, ba da sanina ba, sannan ki zauna a kujerar nan ranar Alhamis ki ce mini yana cin abinci?"

"Mijina ne, Madam."

"Na san mijinki ne, ni na ci shinkafar bikinku!"

Ta zauna. Ta ce in miƙa katin shiga, kada in sake taka ɗakin gwaji sai an kira ni. Ta ce wannan awon ba zai shiga rahoto ba, don an yi shi ta bayan gida, amma ba rahoto ne abin gaggawa ba. Ina tsaye ta ɗaga waya ta nemi shugaban masu binciken. Na ji tana cewa, "A'a, ba gobe ba. Yanzu. Akwai abin nan a ɗakunan kwanan mutane."

Da zan fita ta ce, "Vasudha. Ki ci wani abu kafin ki hau titi."

Debjani ta raka ni har bakin ƙofa tana kuka tana zagina da yarensu. Ta ce za ta kula mini da allurai.

Laraba, 19 ga Maris, da hantsi

Ina gida. Ban san gidan nan da hantsi ba. Ashe mai kayan miya yana da waƙa.

Na ce wa Atte hutu na ɗauka.

Alhamis, 20 ga Maris, da la'asar

Saldanha ya kira Atte. Ban san me ya gaya mata ba. Ta shigo ɗaki ina ninke kaya, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

"Gaskiya ne ke kika kai ƙarar Achyu?"

"Ba ƙara na kai ba, Atte. Abin da na auna na faɗa."

"Wa ya sa ki aunawa?"

"Shi."

"To shi ya ce ki kai wa mutanen waje? A gidanku haka ake yi? Ruwan gida ya ƙare sai a je a kwance wa miji zane a kasuwa?"

Na ce mutum ya mutu.

"Na sani! Kina tsammani ban sani ba? Wa kike zato nake kunna wa fitila tun Litinin?" Muryarta ta karye. "Za su ɗaure shi?"

"Ban sani ba."

"Ke da kika san zafin abin da ido ba ya gani, wannan ne ba ki sani ba?"

Ta fita. Yau ba ta dafa da ni ba.

Juma'a, 21 ga Maris, da safe

Wayarsa a kashe.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

A kashe. Na kira ofis, yarinyar da ke amsa waya ta ce ba a ba ta izinin cewa komai ba. Na kira ƙaninsa a Hubli na yi masa hirar ruwan sama. Da yana can da ya faɗa. Ko da bai faɗa ba?

Lahadi, 23 ga Maris, da yamma

Mu biyu a gida, kowa da bangonta. Ta dafa nata, na dafa nawa, dukanmu muka zubar wa karnukan layi.

Talata, 25 ga Maris, da hantsi

Debjani ta turo mini wani saƙon murya da ke yawo a wayoyin direbobi tun jiya. Muryarsa ce. Ta dushe, amma tasa ce. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya ce shi ne ya zana abin da ke cikin cajar, ya ce kowa ya zare ta daga bango yanzu, kada a jira sanarwar kowa, a kawo ma'ajiyar kamfani shi zai karɓa da hannunsa. Ya maimaita da yare uku. A na ukun ya yi ta tuntuɓe.

Kamfanin ya fitar da takarda cewa ba da yawunsa aka yi wannan magana ba.

Na kai wa Atte wayar na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake. Ta ce, "Mura yake yi. Ji hancinsa."

Laraba, 26 ga Maris, da yamma

Hukuma ta ba da umarnin a daina amfani da su. An faɗa a rediyo.

Ya kamata in ji sanyi. Ina ta lissafin ranakun da ke tsakanin biyar da sha takwas ga wata, da abin da bai faru a cikinsu ba. Ba ni na hana shi faruwa ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da rana tsaka

An nuna ma'ajiyar a talabijin. Layin adaidaita har ya toshe titi. Direbobi suna ihu, suna tambayar wa zai ciyar da su kafin a ba su wata cajar. Na hango shi a bakin ƙofa, yana karɓa yana miƙawa baya. Rigar da ya fita da ita ce ranar Litinin waccan. Wani ya cakumi wuyanta, hoton ya girgiza, suka koma tallan sabulu.

Atte ta ce, "Tashi ki kai masa riga."

Na je. Ban iya kutsawa ba. Na ba wani ɗan sanda ledar rigar, ban sani ba ko ta isa.

Asabar, 29 ga Maris, da la'asar

Gobe Ugadi. Atte ta ce ba za a shiga sabuwar shekara da ƙofa tsirara ba, ko me ake ciki. Na hau kujera ina ɗaura ganyen mangwaro, tana riƙe da ƙafar kujerar tana cewa ya karkace. Da na sauko ta ce kaina ya bushe kamar tsintsiya, in zauna. Ta zuba mini man kwakwa tana murzawa da ƙarfi, har da mugunta. Ba ta ce ta yafe ba. Ni ma ban roƙa ba.

Lahadi, 30 ga Maris, da hantsi

Ya dawo.

Leɓensa a kumbure, gemu ya cika masa fuska. Rigar da na kai ce a jikinsa. Atte ba ta yi kuka ba, ta tura shi banɗaki da bokiti cike, duk ruwan da muka tara. Da ya fito ta ɗebo ganyen darbejiya da mazarƙwaila ta cusa masa a baki, ta cusa mini, ta ce a haɗiye ba a tofarwa. Ya ci abinci kamar wanda aka sako daga rami. Ta yi ta ƙara masa.

Ranar Talata masu bincike suke nemansa. Saldanha ya ɗauki lauya, nasa shi kaɗai.

Lahadi, da yamma

Atte ta tafi haikali, ta ce za ta daɗe, ta maimaita cewa za ta daɗe.

Muka zauna a baranda. Ya ce yawancin cajojin sun dawo, saura waɗanda aka sayar a ƙauyuka, ana bi. Ya ce ya je gidan Munisamy, matar ba ta bar shi ya shiga ba, ya tsaya a waje har ta rufe ƙofa. Ya ce bai sani ba ko zai iya kallona kamar da. Na ce ni ma haka.

Yaran maƙwabta suna ta gudu cikin sababbin kaya.

Sai na tambaye shi. Na ce, "Achyut, ranar da aka canza mannen nan, ka sani?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ba ni amsa, duka, bai rage komai ba, har duhu ya fara shiga.

Ba zan rubuta ta a nan ba. Tasa ce, shi zai faɗe ta ranar Talata da bakinsa.

Ya ce ba sai na raka shi ba, wurin ba kujeru, sai dogon benci a rana. Na ce na ji. Na tambaye shi ƙarfe nawa za mu fita.